Ciwon Gwiwa Da Kwatangwalo: Motsi Ya Fi Laɓewa

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan gundumar Gidan Rumji da hantsi, bayan masu ƙarfi sun watse gona ko kasuwa, ya san abin da zai tarar. Ga dattijo a gindin itace ya miƙe ƙafa ɗaya, sandarsa a gefe. Ga tsohuwa a ƙofar ɗaki ta ɗaure gwiwa da tsumma. In ka gaishe su ka tambayi jiki, sai su ce: "Da sauƙi, sai dai gwiwa." Mu kuwa mu ce Allah ya ƙara sauƙi, mu wuce, domin mun riga mun yanke hukunci cewa tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani.

Ra'ayina a yau shi ne wannan hukunci namu kuskure ne, kuma kuskuren yana ɗaure mutane a kan tabarma tun lokacinsu bai yi ba. Maganin farko na gwiwa da kwatangwalon da su ka zaizaye shi ne motsi mai ƙa'ida. Ana yin sa a tudu, ana kuma yin sa a cikin ruwa. Na tudu yana hannunmu, ba ya cin ko dala. Na ruwa kuwa yana da sharuɗɗan da tabkunanmu ba su cika ba.

Laifin da na yi da kyakkyawar niyya

Ban zo da wannan magana don in nuna na fi kowa sani ba, gama ni ma na faɗa cikin kuskuren. Sa'ad da gwiwa ta fara damun tsohuwata, na yi abin da ko wane ɗa mai albashi ya ke yi. Na ce mata: "Inna, ki zauna ki huta, kin yi mai wuya." Na hana ta zuwa rijiya, na hana ta zuwa kasuwa, na sa jikoki su riƙa miƙo mata ko da ludayi ne. Ko wane ƙarshen wata ina aiko da kuɗin ƙwayoyi daga Yamai. Shekara ba ta zagayo ba sai da ta kai ga ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta, sunan jikar maƙwabciyarta ma a kwance ta ji guɗarsa.

Ana nan sai aiki ya kawo mini wata takardar kiwon lafiya da za a juya daga Faransanci zuwa Hausa, a kan ciwon gaɓɓai. Na zaci zan tarar da sunayen ƙwayoyi da allurai a sahun gaba. Abin da na tarar shi ne ilimantar da mai ciwo, da motsa jiki, da rage nauyi ga wanda ƙiba ta yi wa yawa; ƙwayoyi suna baya. Na daɗe alƙalamina a tsaye, domin kalmar motsa jiki a kunnen mutanenmu ta ƴan ƙwallo ce da ƴan kokowa da sojoji. A ranar na gane cewa ladabin da na yi wa tsohuwata ya taimaki ciwon a kanta.

Mene ne wannan ciwo?

Mutane kan kira shi sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. A inda ƙashi biyu su ka haɗu, Allah ya lulluɓe kawunansu da guringuntsi mai santsi, irin wanda mu ke gani a ƙashin kaza ko na rago, ya kuma sa wani ruwa mai yauƙi a tsakani. Da shekaru, da ɗaukar kaya masu nauyi, da yawan tsuguno da durƙuso, da tsohon rauni ko karaya, da ƙiba, da gado, guringuntsin ya kan yi ta ƙoƙewa, bakin ƙashi ya yi kauri, gaɓar ta riƙa zafi in an yi aiki da ita, ta sandare in an tashi daga barci ko daga dogon zama, wani lokaci har a ji tana ƙara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, fiye da ninki biyu na adadin 1990. Daga cikinsu miliyan 365 a gwiwa ya kama su. Kashi 60 cikin ɗari mata ne, kashi 73 cikin ɗari kuma sun haura shekara 55. Wanda ya san rayuwar matan karkararmu, daga turmi zuwa rijiya, daga rijiya zuwa itace, ga goyo a baya, ba zai yi mamakin rinjayen mata ba.

Akwai abu biyu da ya kamata ko wane mai karatu ya riƙe. Na ɗaya, guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa ya ke samu, kuma ba ya shan ruwan sai an matsa shi an saki, kamar soso. Gaɓar da ba ta motsi tana zaune da yunwa. Na biyu, naman cinya da na ɗuwawu su ne masu tare nauyin jiki kafin ya sauka a kan gaɓa. Mai ciwo ya kan ji tsoron zafi ya zauna, zaman ya sa naman ya saki, sakin naman ya bar gaɓa ita kaɗai da kaya, zafi ya ƙaru, sai ya ƙara zama. Haka a ke zagayawa har mutum ya zama na ɗaki.

Abin da bincike ya nuna

Ƙungiyar masana ta Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitoci ta auna su gaba ɗaya, ta duba gwaji 54 a kan motsa jiki a tudu don ciwon gwiwa a shekarar 2015. In an auna zafi a kan ma'auni mai maki 100, waɗanda su ka yi motsin sun samu ragin kimanin maki 12 fiye da waɗanda ba su yi ba, ƙarfin yin hidimar yau da kullum kuma ya ƙaru. A 2024 aka sake aikin da gwaji 139, sakamakon ya nuna sauƙin yana nan, amma matsakaici ne, kuma ya fi bayyana a watannin farko. A kan kwatangwalo ma an ga sauƙi makamancin wannan.

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: motsi ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, ba ya mayar da tsoho yaro. Abin da ya ke yi shi ne ya rage zafi, ya riƙe wa mutum ƙafafunsa. Ga wanda ke tsakanin iya zuwa masallaci da kansa da rashin iyawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sabili da haka ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta sake jaddadawa a 2022 cewa motsa jiki shi ne tushen jiyyar wannan ciwo ga kowa. A ƙasar Danmak kuwa tun 2013 a ke da wani tsari na koyarwa da motsa gaɓɓai sau biyu a mako har mako shida, wanda ƙasashe da dama su ka ara.

A kwatanta wannan da abin da mu ke yi. Ranar kasuwa mai tallan magani ya shimfiɗa buhunsa a rana, ya ƙulla wa tsoho ƙwaya ja da fara da rawaya a leda. A ciki akwai masu kashe zafi irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda in an daɗe ana sha ba bisa umurnin likita ba su kan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Akwai taramol, wanda jiki ke sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Akwai masu sa fuska ta kumbura a zaci lafiya ce, alhali suna tayar da sukari suna raunana ƙashi. Ƙwaya tana da ranarta, amma a hannun likita, kuma amfaninta shi ne ta kwantar da zafi har mutum ya samu damar motsawa.

"Ai ni kullum cikin aiki na ke"

Da na koma gida na kawo wa tsohuwata wannan magana, dariya ta yi. Ta ce: "Ni da na shekara arba'in ina daka, kai ɗan jiya za ka koya mini motsi?" Na tabbata manoman Tibiri da Cadakwari da Gidan Sori za su faɗi irin wannan, kuma maganar tana da nauyi, ta cancanci amsa.

Aikin wahala dabam, motsin jiyya dabam. Mai noma da hauya yana duƙe tun safe har azahar, gaɓa ɗaya ke shan matsi ta fuska ɗaya, ba hutu. Matar da ta ɗauko bido mai cin lita 25 ta ɗora wa gwiwarta kilo 25 a kan nauyin jikinta, taku bayan taku cikin rairayi. Wannan aiki ba ka zaɓar nauyinsa, shi ke zaɓar ka. Motsin jiyya kuwa ana auna shi: ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa sannu sannu, ana nufin naman da ya yi rauni, ana buɗe gaɓa iyakar buɗuwarta, ana hutawa tsakani. Bugu da ƙari, aikinmu na yanayi ne. Damina ta kan gajiyar da jiki matuƙa, sa'an nan in an kai amfanin gona rumbu dattijo ya shiga zaman wata bakwai ko takwas. A cikin wannan dogon zama ne nama ke saki.

Ma'aikacin ofis kuma kada ya ce ba da shi a ke ba. Daga kujera zuwa babur, daga babur zuwa tabarmar shayi, ga tumbi yana ƙaruwa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwarsa a ko wane taku yana raguwa da kimanin kilo huɗu. Wannan gargaɗi na masu ƙiba ne. Tsohon da ya ke ramamme, abinci mai gina jiki ya ke bukata, irin su wake da gujiya da nono da zogale.

Motsin tudu, da kayan da ke cikin gida

Ga abin da za a iya yi a tsakar gida, da safe ko da la'asar.

Na farko, a kwanta rigingine a kan tabarma, a lanƙwashe ƙafa ɗaya, a miƙe ɗayar sosai, a ɗaga ta kamar tsawon tafin hannu biyu, a ƙirga zuwa biyar, a sauke a hankali.

Na biyu, ana nan kwance, a lanƙwashe gwiwoyi duka biyu, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu sama, a ƙirga biyar, a sauke. Wannan na ɗuwawu ne da kwatangwalo.

Na uku, a zauna a kan benci ko turmin da aka kife, a miƙe ƙafa ɗaya har ta daidaita, a riƙe, a sauke. In an saba, sai a ɗura rairayi rabin kilo a ƴar jaka a ɗaura a idon sawu, daga baya a kai kilo ɗaya. Rairayi dai ba mu rasa shi ba.

Na huɗu, daga wannan mazauni a miƙe tsaye, a koma a zauna a hankali. Da fari a dafa da hannu, daga baya a bar dafawa. Duk cikinsu wannan ya fi kusa da bukatar yau da kullum.

Na biyar, a tsaya a riƙe bango ko ginshiƙin rumfa, a ware ƙafa ɗaya gefe, a dawo da ita.

Ko wanne a yi shi sau goma, ko abin da ya samu, a kwana uku na mako ko fiye. Sai a haɗa da tafiya a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare, minti goma a farko, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa. OMS ta ba da shawara a 2020 cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na irin wannan motsi a mako. Mai sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, watau in gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hagu.

Ƙa'idar zafi mai sauƙi ce. Ɗan zafin da a ke iya daurewa ba alamar lalacewa ba ne, muddin ya kwanta kafin washegari. In ya kwana ya wuni, ko gaɓa ta kumbura, an yi yawa, sai a rage, kada a daina. Kuma a yi haƙuri, domin sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga bambanci sosai, in an bari kuwa amfanin ya kan zube. Tsohuwata ta yi wata uku tana yi, rabi don ta yarda, rabi don kada ta ba ni kunya. Gwiwar ba ta daina ciwo ba, amma yau tana tashi da kanta, tana zuwa barka da ta'aziyya da ƙafarta.

Akwai waɗanda wajibi ne su fara ganin likita: wanda gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi; wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa; wanda gaɓɓai da yawa ke sandare masa fiye da rabin awa ko wace safiya; mai ciwon zuciya ko mai jin nauyi a ƙirji in ya yi tafiya; da yaro ko saurayi mai ciwon kwatangwalo, musamman mai amosanin jini, domin nasa ciwon wani ne dabam.

Maganar ruwa

Duk macen da ta taɓa jan ruwa ta san guga ba ta da nauyi muddin tana cikin ruwa, sai ta fito sa'an nan hannu ya ji ta. Haka jikin mutum ya ke. Wanda ya tsaya a ruwa iyakar ƙugu, kimanin rabin nauyinsa ne kawai ke kan ƙafafunsa. Iyakar ƙirji, wajen kashi ɗaya cikin uku. Iyakar wuya, wajen kashi ɗaya cikin goma. Ruwan kuma yana tare motsi ta ko wace fuska, sai nama ya yi aiki ba tare da gaɓa ta sha duka ba. Don haka a asibitocin da ke da hali a kan gina kwamin wanka mai tsabtataccen ruwa mai ɗumi, wajen digiri 33, mai ciwo ya yi tafiya a ciki ƙarƙashin idon ma'aikaci. Masanan Cochrane sun duba gwaji 13 da su ka ƙunshi mutum 1,190 a 2016, su ka ga sauƙi ɗan kaɗan na gajeren lokaci. Ya fi dacewa da mai ƙiba sosai, ko wanda zafi ya hana shi farawa a tudu. Ba a nuna ya fi na tudu ba.

To, ina ruwan namu? Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa Tibiri da Gidan Rumji, da damina kawai ya ke gudu, in ya kawo kuwa ya kan zo da ƙarfin da ke kayar da saurayi, balle tsoho. Sauran su ne tabkuna da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, masu laka da santsi da ramukan da ido ba ya gani. Mafi muni, ruwan kwance shi ne gidan ƴan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba ta jiran a sha ruwan, ta fata ta ke shiga. Tun 2004 ƙasarmu ta ƙaddamar da shirin rarraba maganin tsargiya ga jama'a. Ba daidai ba ne mu tura iyayenmu neman sauƙin gwiwa su dawo da fitsarin jini.

Sabili da haka, wanda ya ke Maraɗi ko Yamai ya kuma samu kwamin wanka mai tsabta, ya yi amfani da shi, da rakiya in bai iya iyo ba. Mutumin karkara kuwa ya tsaya a tudu, bai yi hasarar kome ba. Rabonsa a ruwa shi ne ya jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ya ɗora a gaɓa minti goma kafin ya fara motsi. Ban kuma ga dalilin neman a gina kwamin wanka a garin da mata ke bin layi a famfo ba. Ruwan sha ke gaba.

Kira ga hukumomi da masu ilimi

Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 500 a gundumar Gidan Rumji kaɗai, ban da Agye da Gazawa. Ƙasa ta yi daidai da ta sa yara da mata masu ciki a gaba, kamar yadda ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin jiyya a 2006. Amma dattijon da ya zauna, ba shi kaɗai ya zauna ba. Gona ta rasa mai shawara, yarinya ta bar makaranta don jinya, kuɗin taki ya tafi ga ƙwaya. A watan Mayu na 2023 babban taron OMS ya amince da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da gaɓɓai cikin kiwon lafiya tun daga matakin ƙasa. A wurinmu matakin ƙasa shi ne gidan likitan karkara.

Ga abin da na ke roƙo. Likitocin motsa gaɓɓai da ke manyan asibitoci su koya wa majo-majo da ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka waɗannan motsi biyar da alamun haɗari. Aikin kwana biyu ne ko uku. A buga takarda mai hotuna da Hausa, da boko da ajami, a raba ta a makarantun yaƙi da jahilci, ta zama darasin karatu kuma darasin lafiya. Gidajen rediyon karkara su ware minti goma a mako. Sarakuna da masu gari da limamai su cire wa dattawa kunyar abin, domin in mai gari ya ɗaga ƙafa a gaban jama'a ba wanda zai ce wasan yara ne.

Kada a ce ba zai yiwu ba. A wannan jaha ta Maraɗi aka fara sassaben zamani a 1983, manomi ya koya wa manomi barin tohon itace a gona, ba inji ba kuɗi, har miliyoyin itatuwa su ka dawo. A nan kuma aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, su ka bazu har wasu ƙasashe. Matan nan suna haɗuwa ko wane mako don zubi. In sun ƙara minti goma sha biyar na motsa gaɓɓai kafin a buɗe akwati, an samu makaranta ba tare da an aza tubali ba.

Ku kuma da ku ka yi yaƙi da jahilci ku ka iya karanta wannan shafi, ku karanta wa wanda bai iya ba. Ku ɗauke wa iyayenku bido da dami da buhu, wannan hakkinsu ne a kanku. Amma ku bar musu tafiyar masallaci da ta kasuwa da ta zumunci, ku raka su in ta kama, ku zauna tare da su ku ƙirga musu ɗaya zuwa goma. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.